Ranar da Kawu Ya Miƙa Mini Makirfo

Rediyon Kawu ba irin wanda ake kunnawa a ji labarai ba ne. Na magana ne. Wani baƙin akwati ne da bai kai bulo girma ba. A ɗaure masa doguwar waya a saman bishiya, a jona shi da batir, a danna makirfo, sai wani mutum a wata ƙasa ya ji ka ya amsa. Babu layin waya, babu kati. Sai mai lasin gwamnati ke magana a cikinsa, da lambar kira tasa ta kansa, kuma a iya sanina duk Samaru Kawu kaɗai ke da ita. Ni nawa aikin ɗaukar batir ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A gidansa na girma, a kwatas ɗin ma'aikatan jami'a, wai don in yi boko. Na kai aji uku a sakandare na faɗi, na maimaita na sake faɗuwa. Ya kira uwata ya ce mata ɗanki hannu gare shi, ba kai ba. Ya sa ni a mota ya sauke ni a unguwar PZ ta Zariya, wurin wani mai gyaran rediyo. Can na koyi sana'a, can nake har yau, da shagona a layin masu gyara. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ta cika mini gemu. Kawu bai taɓa daina ce mini yaro ba.

Duk shekara idan damina ta ɗauke, dawa ta fara nuna, masu irin wannan rediyo na duniya sukan yi gasa, Asabar da Lahadi. Wanda ya fi kowa samun mutane da ƙasashe shi ya ci. Ba kofi, ba komai, takarda ce ake aiko wa mutum ya rataya a falo. Manyan cikinsu suna zaune a gidajensu da wuta mai ƙarfi da eriya kamar ta gidan talabijin. Kawu kuwa yana ɓangaren masu ƙaramar wuta, wat biyar, abin da ko ƙwan fitilar bayi ya fi shi ci, kuma ba a gida ba, sai an fita fili da batir. Yakan ce wannan ɓangaren na masu hankali ne. In ni za a tambaya, na masu ɗan ƙanwa ne. Mai hankalin da zai hau dutse da batirin mota a ka, ban gan shi ba tukuna.

Akwai wani faffaɗan dutse a bayan Samaru, in ka bi hanyar gonaki, da ɗorawa guda a gefensa. Nan ne wurinmu. Ni zan rufe shago ranar Asabar, ranar da kasuwa ta fi ci, in ɗaure batir a bayan babur, in sauke a gindin dutse, in ɗora a kai. In dawo in kwashi teburi da kujeru biyu, ɗaya ta Kawu, ɗaya ta Alhaji. Alhaji abokinsa ne, tsohon likitan dabbobi daga cikin birni, shi ke rubuta waɗanda aka samu. Sai in hau ɗorawa in ɗaure waya, in sauko, Kawu ya duba mita ya ce ba ta yi ba, in koma. In rediyon ya lalace a shagona yake kwana, ni ke buɗe cikinsa. Amma makirfo, ko goge shi zan yi sai yana kallo.

Shekarar da nake magana a kanta, Kawu ya gama gini a ƙauye, can kudancin Kaduna. Gwiwoyinsa sun ƙi, 'ya'yansa sun matsa ya koma gida. Wata rana sai ga shi a shagona. Bai taɓa zama a ciki ba, a bakin ƙofa yake tsayawa yana toshe hanci wai hayaƙin dalma. Ranar ya zauna.

"Yaro, wannan ce gasata ta ƙarshe," ya ce. "Yarana babu wanda ya damu da abin. Zan ba ka makirfo a kan dutse, ina zaune kusa da kai. In ka nuna mini kana da kai, rediyon naka ne, kuma ni da kaina zan tsaya maka ka yi jarrabawar lasin."

Na ce, "Na gode, Kawu." Muryata ta yi rawa. Har yau ina jin haushin wannan rawar.

Tun daga ranar na shiga bita. Masu rediyo ba sa faɗin harafi haka kawai, kowane harafi da kalmarsa, don kada iska ta cinye shi. Na daɗe da haddace su a kunne, amma ban taɓa furta su da ƙarfi ba. Ina liƙa waya ina karanto lambar Kawu, mai sayar da caja na kusa da ni ya leƙo ya ce, "Oga, aljanu ne ko sabon coci?" A gida matata ta ce, "Baban yara, kai da za ka yi magana da Turawa, ka fara amsa mini tukuna. Tun ɗazu nake ce maka tuwo ya huce."

Asabar ta zo ta wuce, makirfo bai bar hannun Kawu ba. Na tuna masa da rana, ya ce iska ba ta yi kyau ba. Na tuna masa da yamma, ya ce yanzu ta yi kyau sosai, ba lokacin koyo ba ne. Ran Lahadi Kawu, dattijon ikilisiya guda, ya tsallake sujada, ni ma ya sa na tsallake. Alhaji yana hawowa dutse yana haki ya ce, "Dattijo, yau kuma me ka ce wa fasto?"

"Na ce masa zan je in yi wa al'ummai bishara."

"Da wat biyar? Ashe al'ummai za su daɗe a duhu." Ya juyo gare ni. "Injiniya, sannu da dako."

Shi kaɗai ke ce mini injiniya, kuma ban taɓa gane ko yabo ne ko zolaya ba.

Ga yadda maganar gasa take, ga wanda bai sani ba. Ka ji mutum yana kira, ka faɗi lambar kiranka. In ya tsinto ka sai ya ce biyar tara, ma'ana ina jin ka tar, ya ƙara da wata lamba daban, ta gasa. Kai ma ka ce biyar tara, ka ba shi taka. Shi ke nan, ya wuce ga na gaba. In ba a yi musayar nan ta cika ba, ba a lissafa ta. Ko ya sa ka maimaita har ka gaji, biyar tara zai ce. Kowa ƙarya yake, kowa ya san ƙarya ce. Babu sannu, babu sai an jima. Kare ma in kun haɗu a lungu ka fi ba shi lokaci. Na san wannan tsarin sarai, shekara da shekaru ina tsaye a bayansu ina ji. Kada wani ya ce ban sani ba.

Inuwar ɗorawa ta ishi teburi da kujeru biyu. Ni ina bin bakinta tana guduna. In shanu sun hauro in kore su kada su tsinke igiyar eriya. In ruwa ya ƙare in sauka in sayo. Kawu yana samu jefi-jefi, nan Italiya, can Sifen, wani lokaci Rasha. Duk wanda ya samu sai ya tauna haƙoran robarsa ya ce, "Rubuta, Alhaji." Ni idona yana kan allurar mita. Batir yana sauka, rana tana sauka, kuma na san in sun ƙare an gama, babu wata shekara.

Bayan Alhaji ya idar da la'asar, Kawu ya murɗa maɓallin rediyo ya faɗa kan wata murya, sai na ga ya miƙe zaune. Wani tsibiri ne can bayan Amurka ta Kudu, ɗigo a taswira, wanda ya ce tun yana da gashi a ka yake nemansa bai taɓa samu ba. Mutum ɗaya ne a can, duniya duka ta taru a kansa. Da ya ce na gaba, sai lasifika ta ɓarke kamar 'yan kamasho sun ga fasinja ɗaya. Kawu ya kutsa cikinsu da wat biyar ɗinsa. Ya kira, ya kira, har jijiyar wuyansa ta tashi. Dama tun jiya yake ihu. Murya ta fara kartawa, ta koma kamar ta tsohon zakara, can sai ta ɗauke. Ya sha ruwa. Alhaji ya ba shi citta ya tauna. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito.

Ya dubi rediyo, ya dubi Alhaji, kamar ko shi zai karɓa. Alhaji ya ce, "A'a, ni shanu na iya yi wa magana." Sannan Kawu ya dube ni.

"Zo," ya ce da raɗa. "Lamba kawai. Ka ji ko? Lamba."

To ka ji yadda aka yi. Ba alkawari ne ya miƙo mini makirfo ba, maƙogwaro ne.

Na durƙusa a kan dutse, tunda babu kujera ta uku. Dutsen yana ƙona mini gwiwa, makirfon ya jiƙe da gumin hannunsa. Muryata siririya ce, tun ina ƙarami ake mini dariya a kanta, a ce kamar ta mai tallan nono. Ashe irinta ce ke ratsa hayaniya. Na danna na karanto lambar Kawu, harafi da kalmarsa. Ba a ji ba. Na sake, ba a ji ba. Na ci gaba har na daina jin tsoro. Can sai mutumin ya maimaita ƙarshen lambar, ya ce, Najeriya? Ya ce da sauran su dakata.

Suka dakata. Duk masu manyan eriyan nan suka yi tsit. Na sake faɗin lambar a hankali, ya kama ta cif. Tsoho ne, daga jin muryar ka san ya gaji, sai da ya yi tari kafin ya yi magana. Ya ce biyar tara, ya ba da lambarsa. Alhaji ya rubuta. Kawu ya damƙe mini kafaɗa.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jefa wa dattijo magana ba gaisuwa in juya baya ba. Ko mataccen rediyo mutum ya kawo shago sai mun gaisa. Ga mutum na farko a bayan teku da ya taɓa jin muryata ya amsa, ya sa manyan ƙasashe sun yi shiru saboda ni, ga tsufa, ga tari. Na danna makirfo. Da Turancina na aji uku na ce masa barka da yamma, ranka ya daɗe. Na ce yaya aiki. Na ce yaya iyali. Na ce daga Samaru ta Zariya nake magana, Allah ya sauwaƙe tarin. Niyyata in ba shi biyar tara da lambar gasa a ƙarshe, yadda mutane ke yi, a gaisa sannan a faɗi abin da ya kawo mutum.

Kawu yana dukan kafaɗata, na ɗauka murna ce. Sai ji na yi ya kama hannuna yana ɓamɓare yatsuna. Na riƙe, ya ja, yatsana ya zame daga madanni. Lasifika ta dawo, na ji tsohon yana cewa lamba, lamba kawai. Makirfo yana tsakaninmu, babu wanda ke riƙe da shi sosai. Kafin wani ya danna, jama'a sun gaji da jira. Wani ya yi fito. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a iska. Wani ya siranta murya irin tawa ya ce yaya iyali, yaya iyali. Sannan duk suka ɓarke, tsohon ya ce na gaba, ya ɗauki wani.

Da Kawu ya bar ni numfashi ɗaya, da na faɗi lambar. Wannan ba zan fasa faɗa ba har in mutu.

Ya fizge makirfo. Fushi ya nemo masa guntuwar murya, ya danna ya ce da Turancinsa na jami'a a yi haƙuri, yaron gidansa ne ke wasa da rediyo. Ya ce biyar tara, ya faɗi lamba, ya sake faɗa. Da wat biyar da karyayyar murya a tsakiyar wannan ihun, ban tsammani akwai wanda ya ji shi a duniya ba. Ni da Alhaji muka ji.

Ya ajiye makirfo a hankali. Magana tana fita da ƙyar, amma ta fita.

"Gaisuwa. Mutum duniya na jiransa a layi, kai kana tambayarsa iyali."

"Kawu, dattijo ne."

"Ubanka ne?"

Bai jira amsa ba.

"Haka uban naka yake ai. Ya gaida kowa a garin nan, ya durƙusa wa kowa, har ya mutu bai bar komai ba sai kai."

"Haba Dattijo, ya isa haka," in ji Alhaji. Ya dubi takardarsa. "Wannan layin fa? In bari ko in soke?"

"Soke."

Alhaji ya ja biro a kai. Ya yi ta ƙoƙarin danne wani abu a ƙirjinsa, ya kasa. "Amma Injiniya, ka rage ɗaya. Ba ka tambaye shi ya suka ji da ruwan bana ba." Ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa astagfirullah yana share ido.

Kawu ya ci gaba da raɗa a makirfo, kamar mai roƙon gafara a bakin gado. Tsibirin yana nisa, yana nisa, har ya nutse cikin shuu. Allurar mita ta kwanta. Bai sake samun kowa ba. Ya nuna mini ɗorawa da leɓe, na hau na kwance waya. Na naɗe ta, na kwashi teburi da kujeru, na dawo na ɗauki batir. Sannan na dawo na riƙe masa hannu ya sauka, saboda gwiwa. 

Matata tana jira a ƙofa. "Yaya, Turawan sun amsa?"

Na ce, "Sun amsa."

"To me ka ce musu?"

Na ce ta ba ni ruwan wanka.

Na ɗauka maganar rediyo ta mutu. Ana saura kwanaki kaɗan Kawu ya tashi zuwa ƙauye sai ga shi a shago da kwali a hannu, murya ta dawo tas. Bai zauna ba. Ya ajiye kwalin a kan teburin aikina, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ni dattijon ikilisiya ne, ba za a ce na yi alkawari na tafi da shi ƙauye ba. Ga rediyo."

Mai caja ya leƙo, mai gyaran fanka ya bar aikinsa, har masu wucewa suka tsaya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fara godiya ya ɗaga hannu.

"Buɗe shi."

Na kwance sukurori na ɗaga murfi. Ya sa yatsa ya nuna wasu tiransisto biyu da ke manne a jikin ƙarfe. Su ne ke tura murya ta fita. In babu su rediyo zai ji, amma ba zai yi magana ba.

"Cire su."

"Kawu, lafiyarsu ƙalau."

"Na sani. Ba ka da lasin, ba zan bar wa marar lasin abin magana ba. Cire su."

"To ai jarrabawar da ka ce..."

"Wace jarrabawa? An yi maka ita a kan dutse." Ya juya ga mutane. "Kun san abin da ya yi? An ba shi dama ya yi magana da ƙarshen duniya, sai ya tsaya tambayar iyali." Ya ba su labarin tun daga farko, ya iya ba da labari, har da siranta murya. Layin ya ɗauki dariya. Mai caja ya riƙe ciki yana cewa, "Oga, ashe gaisuwar ce kake haddacewa!"

Ina iya rufe murfin in ce ya ɗauki kayansa. Matata ma abin da ta ce ke nan daga baya, ta ce namiji da zuciya da ya yi haka. Ita ba ta ɗauki batir ba. Rabin rayuwata ina kallon akwatin nan daga baya, ga shi yau a kan teburina. Na jona ƙarfen dalma na jira ya yi zafi. Ya daɗe bai yi ba, wutar lantarki ba ta da ƙarfi a ranar, kowa yana tsaye yana kallona. Na narkar da ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, na ciro su da tsabta, ban ƙona komai ba. Kawu ya miƙo tafin hannu na zuba masa. Ya jefa su a aljihun riga. Ya zare makirfo daga kwalin, ya naɗe wayarsa, ya sa a ɗayan aljihun.

"Ka ji duniya, yaro," ya ce. "Ita ba sai ta ji ka ba. Tsayar mini da keke."

Na fita bakin titi na tsayar masa.

Mutane sukan ce ai kai mai gyara ne, ka nemo wasu tiransiston ka mayar mana. Ana samu, makirfo ma ana samu. To in na danna in ce wa ke magana? A iskar nan wanda ba shi da lambar kira ba a amsa masa, kuma wanda zai tsaya mini in samu tawa babu shi. Na tambaya, an ce sai an je Abuja, sai wanda ya san hanya, sai Turancin da ya wuce nawa.

Rediyon yana nan a kan kanta, tsakanin matattun fankoki. Na ja masa waya ta saman kwano. Idan lokacin gasa ya zo nakan kunna shi ina aiki, su yi ta ihun biyar tara, masu kawo gyara su tambaye ni wace tasha ce wannan ba ta sa kiɗa. Kawu yana ƙauye da ransa. An ce kunnensa ya mutu gaba ɗaya, sai an rubuta masa magana a takarda. 'Yarsa ta kira ni ta ce yana yawan tambayata, wai agogon bangonsa ya tsaya, babu mai gyara a can. Na ce mata aiki ya yi mini yawa.